Ina da cutar MS kuma ina son haihuwa, ciki zai nakasa ni?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya, ta ce shekarunta 26, shekara biyu da suka wuce idonta na dama ya dushe na kusan sati uku, bayan wata huɗu kuma ƙafafunta suka dinga yin dindiris kamar ba nata ba, aka kai ta Alƙahira aka yi mata hoton MRI aka ce maltiful sikilerosis ce, wato MS, wata cuta ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka da ido. Tun lokacin tana shan maganin Gilenya, ciwon ya tashi mata sau ɗaya wata 7 baya. Yanzu wata biyar da aurenta, gwaggonta ta ce ciki zai zaunar da ita a keken guragu, wata ƙawarta kuma ta ce ta ji ciki warkar da ciwon yake. Ita dai tana so ta ajiye maganin a wannan watan ta nemi ciki.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya, ya sanya alheri a auren.

Kafin komai, dan Allah kar ki ajiye Gilenya a wannan watan da kanki. Zan zo kan dalili a ƙasa, amma na sa shi a farko ne saboda shi ne abin da ya fi tayar min da hankali a duk saƙonki, ya fi maganar gwaggo nesa ba kusa ba.

Amsar tambayarki kuwa ita ce eh, zaki iya haihuwa in sha Allah, kuma ciki shi kansa ba ya nakasa mai MS. Gwaggonki ba ita ta ƙirƙiro maganar ba, likitocin Turai ma haka suke faɗa wa mata har wajen shekarun 1950, ana hana su ɗaukar ciki, wasu ma ana zubar musu. Abin da ya rufe bakin kowa shi ne binciken da wani likitan Faransa daga birnin Liyon, Christian Confavreux, ya jagoranta aka fitar a 1998, inda suka bi mata 254 masu MS a ƙasashen Turai 12 tun daga ɗaukar ciki har bayan haihuwa. Bari in sauƙaƙa miki lissafin. Ki ɗauka mata 10 ne, a shekarar da ba su da ciki ciwon yana tashi musu kamar sau 7 gaba ɗayansu. Da suka shiga wata ukun ƙarshe na ciki sai lissafin ya sauko ya koma kamar sau 2 a shekara. Da suka haihu, a wata ukun farko na jego, sai ya haura ya kai kamar sau 12 a lissafin shekara, daga nan kuma ya sauko ya koma yadda yake a da. In kika haɗa watannin cikin da na jegon, sai ki ga kusan an tashi canjaras, kuma da aka ci gaba da bin matan ba a ga cewa haihuwa ta sa sun fi saurin nakasa ba.

Kinga kenan ƙawarki ma ta taɓo gaskiya amma ta zarce. Ciki yana kwantar da ciwon, ba ya warkar da shi. Abin da ke faruwa shi ne, MS ai garkuwar jikin mutum ce take rikicewa ta koma tana cin rufin da ke jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar ido, kamar ɓera ya gwigwiye robar wayar lantarki, sai saƙo ya dinga tafiya da kyar ko ya tsaya. To shi ɗan da ke ciki rabinsa na ubansa ne, baƙo ne a wajen garkuwar uwa, don haka dole jiki ya sassauta garkuwar don kar ta kore shi, sinadaran ciki da mabiyiya take fitarwa su ne suke wannan aikin kuma suna ƙaruwa ne yadda cikin yake tsufa. Shi ya sa mata da yawa suke cewa ba su taɓa jin daɗin jikinsu kamar a wata na bakwai da na takwas ba. Ranar da mabiyiya ta faɗo sinadaran nan suna zubewa cikin 'yan kwanaki, garkuwa ta farka, ga rashin bacci ga gajiya, nan ne ake samun matsala. Ko a nan ɗin ma kar ki tsorata da yawa, a wancan binciken mata 72 cikin 100 sun wuce wata ukun jego ciwon bai motsa musu ba. Waɗanda ya fi tasar wa su ne waɗanda dama yana yawan tashi musu a shekarar kafin cikin, ko ya tashi suna da cikin. Wannan ne ya sa nake ce wa mata a samu kamar shekara guda ciwon yana kwance kafin a nemi ciki, ke kuma watanki 7 ne kawai.

Toh yanzu maganar Gilenya. Matsala biyu ce da shi kuma suna jan juna ne. Ta farko, yana iya taɓa halittar jariri, an ga nakasar zuciya da ƙoda da ƙashi ta kusan ninka a jariran da aka yi cikinsu uwa tana sha, har hukumar magunguna ta Turai ta haramta shi ga mai ciki a 2019, kuma bayan an daina sai an jira wata 2 kafin ya fita daga jiki. Don haka ina fata kina kan tsarin iyali yanzu, in ba kya yi, ko kuma al'adarki ta yi jinkiri, ki yi gwajin ciki yau ɗin nan ki nemi likitanki, kar ki jira ranar asibiti. Matsala ta biyu, shi wannan maganin aikinsa shi ne ya kulle wasu ƙwayoyin garkuwa a cikin kaluluwa ya hana su fita yawo, ranar da aka daina sai su fito gaba ɗaya kamar an buɗe dam, kuma a wasu mutanen ciwon yana dawowa da ƙarfin da bai taɓa yi ba, yawanci cikin wata uku da dainawa. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2018 saboda an samu waɗanda suke tafiya da ƙafarsu suka koma kwance, wasu ba su dawo daidai ba. Kuma sassaucin da ciki yake kawowa ba ya isa ya tare wannan, musamman da yake a farkon ciki abin yake faɗowa lokacin da sinadaran ba su yi yawa ba. Wallahi idan kika ji mace mai MS ta ce ciki ya nakasa ta, ki bincika, sau da yawa zaki tarar magani irin wannan aka yanke ba tare da an sa wani a madadinsa ba.

Abin da ake yi shi ne a canza miki magani tun kafin ciki, ba a fafe gora ranar tafiya. Likitan jijiyoyin da ya san hotunanki shi zai zaɓa, amma bari ki san abin da ke kan tebur don ki iya yi masa tambaya. Akwai allurai na da, Copaxone da dangin intaferon irin su Avonex da Rebif da Betaferon, waɗannan an ga dubban cikkuna a kansu ba a ga illa ga jariri ba, ana iya ci gaba da su har da shayarwa, sai dai ba su da ƙarfi sosai, wadda ta sauko daga Gilenya ba lallai su riƙe ta ba. Akwai Tysabri, ƙarin ruwa ne duk wata, yana da ƙarfi, amma shi ma yana da irin wancan halin na dawowar ciwo idan aka yanke, shi ya sa yanzu ake ci gaba da shi har wajen sati 30 zuwa 34 na ciki sannan a dawo da shi da wuri bayan haihuwa, a kuma duba jinin jariri saboda wasu ana haifarsu da ƙarancin jini kaɗan da yake gyaruwa da kansa. Sannan akwai Ocrevus da ɗan'uwansa MabThera, ƙarin ruwa duk wata 6, ni a ganina su suka fi dacewa da mace irinki, saboda maganin yana barin jini cikin 'yan watanni amma aikinsa yana daɗewa, kuma irin wannan maganin ba ya ratsa mabiyiya sosai a wata ukun farko, sai a yi miki ƙarin ruwan a jira ɗan lokacin da likita ya ƙayyade sannan ki nemi ciki kina cikin kariya. MabThera ɗin ma an fi samunsa a wajenmu saboda masu kansa da masu ciwon gaɓoɓi suna amfani da shi, duk da dai ba arha gare shi ba, wannan kam ba zan ɓoye miki ba.

Saboda sauran mata da za su karanta, akwai waɗanda ba a haɗa su da ciki sam. Aubagio yana iya zama a jiki har shekara 2, sai an wanke shi da wani garin magani Questran ko gawayin asibiti na kwana 11 sannan a auna jini a tabbatar ya fita. Mavenclad wata 6 ake jira, mace ko namiji, Lemtrada wata 4. CellCept da metotirekset suna ɓarar da ciki suna nakasa jariri. Har magungunan da ake ba ki na ƙananan abubuwa, na ɗaurewar tsoka ko zogin jijiya ko yawan fitsari ko gajiya, ki kwashe su duka a leda ki kai wa likita ya duba ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wata tambaya da nake so ki yi wa likitanki wadda ba ki yi min ba. Shin an yi miki gwajin jinin akwaforin-4? Dalili shi ne MS ba ta da yawa a tsakaninmu baƙar fata na Afirka ta yamma idan aka kwatanta da Turawan arewa, amma akwai wata cuta mai kama da ita, NMO, wadda take kama jijiyar ido da laka, irin wuraren da naki ya fara, kuma ita ta fi yawa a baƙar fata da mutanen Asiya fiye da Turawa. Sai a 2004 likitocin asibitin Mayo a Amurka suka gano alamarta a jini, wadda ita ce wannan gwajin yake nema, kafin nan duk a kwando ɗaya ake zuba su. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin ita NMO ciki ba ya kwantar da ita yadda yake kwantar da MS, tana ƙara haɗarin ɓari da hawan jinin masu ciki, tashinta bayan haihuwa ya fi muni, ba a barin mai ita babu magani, sannan Gilenya da intaferon da Tysabri suna iya ƙara mata ƙarfi. Mai yiwuwa an yi miki a Masar, ki duba takardunki. In ba a yi ba ki nema, ko da sai an tura jinin wani waje, kuɗin da aka kashe a nan ba asara ba ne.

Maganar gado, na san tana ranki ko ba ki faɗa ba, kuma dangin miji za su tambaya. MS ba irin sikila ba ce da ake lissafin AS da SS. Idan uwa ko uba yana da ita, yara 2 zuwa 3 cikin 100 ne suke samu, wato 97 ko fiye ba sa samu. Tagwaye masu kama ɗaya ma, waɗanda halittarsu iri ɗaya ce sak, in ɗaya yana da ita ɗayan sau ɗaya cikin huɗu ne yake samu. Ba a ɗaukarta ta nono, ba a ɗaukarta ta kwanciyar aure. Kuma ba ta hana ɗaukar ciki, ba ta ƙara ɓari, iyaka dai an lura jariran sukan ɗan fi ƙanƙanta kaɗan a awo, ba yadda zai dame su ba.

Idan Allah ya kawo cikin, ki fara awo da wuri a babban asibiti inda likitan mata da likitan jijiyoyi suke wuri ɗaya, irin asibitocin koyarwa na Aminu Kano ko Shika ko na Sakkwato, wanda ya fi kusa da ke. Folik asid tun wata uku kafin ciki, a auna miki bitamin D saboda ƙarancinsa yana da alaƙa da MS kuma matanmu da yawa duk ranar nan da muke da ita ba ta taɓa fatarsu, ki nisanci hayaƙin sigari da shisha ko na wani ne a gida. Abin da na fi so ki sa wa ido shi ne fitsari. Mai ciki dama tana yawan samun ciwon sanyi na mafitsara, mai MS kuma mafitsararta ba ta cika juye fitsari duka ba, to idan ƙwayar cuta ta shiga ko zazzaɓin maleriya ya kama ki, tsofaffin alamomin nan za su dawo, ido ya dushe ƙafa ta yi nauyi, ki ɗauka ciwon ne ya tashi alhali zafin jiki ne kawai ya tono tsohon tabo. Don haka duk sanda kika ji wani abu, gwajin fitsari da na maleriya ne farko, gidan sauro kuma ba wasa. In an tabbatar tashin gaske ne, sabuwar alama da ta wuce awa 24 babu zazzaɓi, kuma ta hana ki harkokinki, ana yin ƙarin ruwan Solu-Medrol, maganin rage kumburi, na kwana 3 zuwa 5, mabiyiya tana kashe mafi yawansa kafin ya kai ga ɗa, sai dai ana ƙoƙarin kauce masa a wata ukun farko in da hali. Kar wani mai kemis ya ce miki deksa ma ai duk ɗaya ne, shi deksa ratsawa yake kai tsaye zuwa ga jariri. Hoton MRI ana yi da ciki in buƙata ta kama, ruwan gadoliniyom da ake sawa a jijiya don hoton ya fito ne kawai ba a so.

Haihuwa kuwa da kanki zaki haihu sai in akwai wani dalili na ɓangaren ciki, MS kaɗai ba ta wajabta a yi miki aiki. Allurar baya ta kashe zafin naƙuda ko ta tiyata ba ta tayar da ciwon, ta naƙudar ma binciken 1998 ɗin ya duba ta, ki faɗa wa mai ba da allurar tun a awo don kar ranar ya tsaya yana ɗari-ɗari.

Sai jego, inda nake ganin al'adarmu tana da abin da zata ba ki da kuma abin da zata cutar da ke. Tafiya gida wanka alheri ne babba gare ki, matan Turai masu MS abin da suke nema kenan ba sa samu, wanda zai karɓi jariri da dare ki samu baccin awa huɗu ko biyar a jere, wanda zai dafa ya wanke. Ki je, ki ma ƙara a kan arba'in ɗin in mai gida ya yarda, tunda wata uku ne lokacin haɗarin. Amma tafasasshen ruwan da ake fyaɗa wa mai jego da ganyen darbejiya safe da yamma, da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙasa, wannan ba naki ba ne. Jijiyar da rufinta ya lalace ba ta jure zafi, ɗan ƙarin zafin jiki kaɗan ya isa ya tsayar da saƙo, wani likitan ido Bajamushe Uhthoff ya fara lura da irin haka tun 1890 a masu MS da idonsu yake dushewa in sun motsa jiki, kuma kafin a samu MRI likitoci har saka mutum suke a bahon ruwan zafi su ga ko alamomi za su fito don su gane cutar. Ba wai zafin yana ƙara ɓarna ta dindindin ba ne, in jiki ya huce abin yana wucewa, amma ki yi tunanin ƙafa ta saki ko ido ya rufe kina tsugune kusa da tukunyar tafasasshen ruwa, ko kina ɗauke da jariri. Ruwa mai ɗumi ya wadatar. Kunun kanwa ma a rage, likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka nuna yadda kanwa da zafin wankan jego suke kumbura zuciyar masu jego, wannan ya shafi kowace mace ba mai MS kaɗai ba. Ki zaunar da Hajiyarku tun cikin yana ƙarami ki yi mata bayani, in ta kama ki tafi da ita wajen likita ta ji da kunnenta, domin ranar da kika haihu ba ki da ƙarfin musu da kowa.

Shayarwa ki yi. Bincike a Jamus da Kaliforniya ya nuna matan da suka ba da nono zalla, babu ruwa babu madara, na aƙalla wata 2, ciwon ya fi ƙarancin tashi musu a jego. Kariyar tana nan amma ba ta kai magani ba, don haka mace irinki da ciwonta ya nuna yana da motsi, ba zan so a ce nono kaɗai aka dogara da shi ba. Abin daɗin shi ne Copaxone da intaferon suna tafiya da shayarwa, Ocrevus da MabThera da Tysabri ma abin da yake shiga nono kaɗan ne ƙwarai kuma likitoci da dama suna barin uwa ta shayar a kansu, in an yi Solu-Medrol a jira awa 2 zuwa 4 kafin a ba da nono. Gilenya da Aubagio da Mavenclad ne ba a shayarwa a kansu. Ranar da za a dawo da maganin a tsayar da ita tun kina wata na bakwai, a rubuta, a tanadi kuɗin, kar a bari sai an yi suna an watse sannan a fara neman inda za a samo.

Wani abu ƙarami da ake mantawa, a Najeriya ana yi wa jariri BCG, wato rigakafin tarin fuka, da ɗigon foliyo tun ranar haihuwa, kuma su biyun rigakafi ne masu rai, wato ƙwayar cutar ce aka raunana. In an yi miki Ocrevus ko MabThera cikin ya riga ya tsufa, dole likitan yara ya sani kafin a yi, domin maganin yana iya ratsawa ya rage garkuwar yaron, wataƙila a ɗaga har a duba jinin yaron. In tun kafin ciki aka yi miki, yawanci babu damuwa, amma dai ki faɗa.

Sannan ki kula da ranki. Baƙin cikin bayan haihuwa ya fi kama masu MS, in kika ga kuka ba dalili ko ba kya son ɗaukar yaron ya wuce sati biyu, ki faɗa wa likita, akwai magani kuma ba raunin imani ba ne.

Don haka a wannan satin, ki ci gaba da shan Gilenya, ki tabbatar da tsarin iyali, ki nemo takardunki na Masar ki duba maganar akwaforin-4, ki nemi ganin likitan jijiyoyi ke da mai gidan tare, ki ce masa kuna son ciki nan da wata shida zuwa shekara, a yi sabon MRI a canza magani. In kin samu sakamakon ki sake rubuto min mu duba tare. Allah ya ba ki lafiya, ya kawo masu albarka.